Kwamin Inna Delu

Kusfa, Zariya
4 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin duba shanun mutane a Gembu. Na ba Mika'ilu direba wannan takarda don wayarku ba ta shiga sai ta ga dama, in ta shiga kuma kana cikin sauri, ni kuwa ka san maganata ba ta sauri.

Jikin Inna Delu sai addu'a. Idon ya tafi gaba ɗaya tun watan jiya, abinci kuma sai kunu, shi ma rabin kofi. Amma hankalinta na nan, har gyara mini karatu take yi in na yi tuntuɓe a Yasin.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kwami. Kwana tara ke nan kullum da hantsi sai ta tambaye ni ina kwami. Ina nufin na icen kiryar nan da ke jingine a gindin rumbu a da, wanda ka ɗauka bayan rasuwar Baba ka ce za ka kai gonarka ta Soba. Na ce mata yana wajenka. Ta ce to a karɓo, aro ta sani aka yi, ba kyauta ba. Ban san me za ta yi da shi ba, na tambaya ta ce a dai kawo. Don Allah ka sa a kawo. Likita bai faɗa mini kwanaki ba, amma na ga yadda ya rufe jakarsa.

A gaida Rahmatu da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zuwaira

Gembu
13 ga Rajab

Malama Zuwaira,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya ba Inna sauƙi. Sai ke, a wannan zamani ki aiko mutum da ambulan kamar sammacin alƙali.

Kin tabbata wannan kwamin take nufi? Tsofaffi in jiki ya yi nauyi sukan koma ƙuruciya. Garinsu Inna bakin kogi ne, can kwami jirgin masunta ne. Baba kuma ya yi noman rani a fadama shekara da shekaru, kwamin albasa ya fi ɗari. Mu a wajen aikinmu abin zuba wa dabba ruwa ne kawai, na siminti ma muke ginawa yanzu. Ki ƙara tambayarta a hankali. Tsohon ice da tumaki suka gama lasa, me za ta yi da shi a ɗaki?

Hutuna sai bayan azumi, ma'aikata biyu ne mu a nan kuma ciwon huhu ya shiga shanu. Ki ce mata ina gaishe ta, ina nan tafe.

Yayanki,
Hamisu

Kusfa, Zariya
21 ga Rajab

Yaya Hamisu,

Salama da gaisuwa. Ban tambaye ta jirgi ko albasa ba, don na san ba su take nufi ba, kai ma ina jin ka sani.

Jiya nas ɗin nan Kirista 'yar Wusasa da ke zuwa yi mata allura ta ji tana tambaya. Ta yi murmushi ta ce su a littafinsu a kwami aka kwantar da Annabi Isa da aka haife shi. Na ce Allah ne masani. Inna kuwa sai ta juyo da fuska wajen muryar ta ce ai kwami da jarirai sun daɗe tare. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce duka a cikinsa aka yi mana wankan jarirai, tun kafin ya koma na dusar ragon layya. Ta ce duk ranar suna Baba kan sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya a bakinsa. Tsagar take so ta taɓa da yatsanta, tunda ido ya ƙi.

Ni na sha ganin tsagar ina yarinya, na ɗauka cin gara ne, ban taɓa ƙirgawa ba. Ka yi wa Allah, Yaya. Soba ba nisa, ka buga wa Haruna mai kula da gonar ya ɗoro shi a mota.

Taka,
Zuwaira

Gembu
2 ga Sha'aban

Zuwaira,

Na daɗe ban ji kunya irin ta yau ba. Kwamin babu shi. Shekara uku ke nan ya tsage a rana, matar Haruna ta faskara ta dafa abinci. Da suka faɗa mini dariya na yi. Ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Na sa Haruna ya nemo masassaƙi. An yi wani da kirya, tsawo ɗaya, an goge shi da yashi da man gyaɗa ya yi santsin tsufa. An yi tsaga huɗu: Yaya Rakiya, marigayi Usman, ni, ke. Zai iso ranar Asabar. Abu ɗaya nake roƙo, in ta tambaya ki ce shi ne. Na san halinki, ko cinikin goro ba kya iya cewa an taya miki abin da ba a taya ba. Amma wannan jinƙai ne. Kada ta tafi da sanin cewa ni na bari aka ƙone shi.

Hamisu

Kusfa, Zariya
15 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, da fatan ƙafar ta fara ɗaukar ki. Kin yi kuka a waya cewa aikin da aka yi miki ya hana ki barin Kano ki ga Inna. Ki yi haƙuri, ta yafe miki da bakinta tun kafin ta cika. Akwai abin da ban iya faɗa miki a waya ba, mutane cike da ɗaki. Ta yarje mini in gaya miki, ke kaɗai.

Na haɗo miki da takardar Hamisu ki karanta, za ki gane halin da na shiga. Daga ranar da ta zo hannuna har Asabar ban ji daɗin abinci ba. In na ce shi ne, na yi wa mahaifiyata ƙarya a kan gadon mutuwarta. In na ce ba shi ba ne, na tona ɗan uwana na kuma hana ta abin da ya rage mata. Na yi istihara, na tashi yadda na kwanta.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shigo da shi. Gaskiya masassaƙin ya iya, ni ma da na gani sai da na ɗauka tsohon ne. Na ajiye shi a kan kujera gefen gado, na kama hannunta na ɗora, ina jira ta tambaya. Ba ta tambaya ba. Ta bi baki da yatsa a hankali, leɓenta na motsi. Rakiya, Usmanu, Hamisu, Zuwaira. Sai ta koma baya, gaban tsagar farko, tana lalube wuri ɗaya. Ta lalube, ta sake lalubewa. Sannan ta janye hannu ta ɗora a ƙirji.

Ta ce, "Hamisu ya yi wahala. Sabon ice ne, ina jin ƙamshinsa ta ƙarƙashin man."

Ta ce ba laifinsa ba ne, abin da ya sani ya ƙirga. Tsagar biyar ce. Yaya, kin tuna yadda matan unguwa ke tsokanar Inna cewa ba ta da kunyar 'yar fari, tana kiran sunanki gatsau? Ashe ba ke ce ta fari ba. Akwai wata kafin ke, ta yi wata bakwai ta koma. A kwamin aka yi mata wankan farko, a ciki aka yi mata na ƙarshe. Tana raye kunya ta hana Inna kiran sunanta, ko ɗaukarta a gaban mutane ba ta yi, kaka ce ke goyo. Da ta rasu kuma aka ce wa Inna ita yarinya ce tukuna, kada ta yi kuka, wasu na tafe. Sai ta haɗiye. Shekara sittin da ɗaya ke nan da rasuwarta. Kafin a ɗauke kwamin, in ta je zuba wa rago dusa sai ta ɗora yatsa a tsagar nan, shi ke nan ziyararta.

Ta ce in ɗauko wuƙa. Na ɗauko ta yankan kuɓewa, kirya kuma ga tauri. Ta riƙe mini wurin da yatsa har na yi tsagar. Ta shafa ta ce, "Mero." A hankali ta faɗa, kamar mai tsoron a ji. Ta sake faɗa sau biyu, sannan ta yi kukan da aka hana ta.

Da ta natsu ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa Hamisu ta gane ba. Ta ce namiji ne mai riƙe abu a rai, zai ɗauke shi har kabari. Ta kwana uku kwamin na gefenta. Ranar Talata da hantsi ta cika.

Ki sa Mero a addu'a, yayarmu ce.

Ƙanwarki,
Zuwaira

Gembu
26 ga Sha'aban

Zuwaira,

Na dawo Gembu lafiya. Kwana uku na yi a zaure ina karɓar gaisuwa, na kasa shiga ɗakin, na kasa tambayarki ido da ido. Ki faɗa mini a takarda, ke da ba kya ƙarya. Ta gane?

Hamisu

Kusfa, Zariya
5 ga Ramadan

Yaya Hamisu,

Salama, da barka da shan ruwa.

Ta karɓa da hannunta. Ta kira sunanka a kan tsagarka, ta ce ka yi wahala, ta sa maka albarka. Bai bar gefen gadonta ba har ta cika. Duk wannan gaskiya ne, ka riƙe shi.

Kwamin na gindin rumbu inda na da yake. In ka zo da salla za ka ga tsaga biyar, ta farkon ta ɗan karkace, ni na yi ta. Kada ka tambaye ni. Ka dai ɗora yatsa ka yi addu'a.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan duk waɗanda ta haifa.

Ƙanwarka,
Zuwaira