Khairunnisa Ta Sauka Gidan Maijidda

Zuwa ga Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya a Fatakwal, ya kuma ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan Daura lafiya lau, damina ta zauna, Inna ma ta warware har ta koma yi mana faɗa.

Yaya, magana ce ke cina. 'Yarka Khairunnisa ta zo hutu, kwana tara cur, amma a gidan ƙanwarmu Maijidda ta sauka. Ni ce babba a garin nan, kowa kuma ya san baƙon dangi gidan babba yake fara ajiye jaka. Na share ɗaki, na sa sabon labule, na yi mata dambun nama, amma sau biyu kawai na ga ƙeyarta. Ba zan ɓoye maka ba, kishi ya kama ni. Kullum sai Maijidda ta turo mini hotuna a waya: ga su a rijiyar Kusugu yarinyar na jan guga tana dariya, ga su a ƙofar fada, ga su a kasuwar Mai'adua wajen raƙuma. Da Khairunnisa ta zo sallama sai yabon garin take, wai ba ta taɓa samun barci da natsuwa irin na nan ba, wai Gwaggo Maijidda ta san tarihin kowane lungu. Maijiddar da har ta yi aure ba ta iya zuwa kasuwa ita kaɗai!

Da na yi wa 'yar taka ƙorafi, sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ni ta fara kira kafin ta taso. Ta tambaye ni abin kallo a Daura, na ce mata babu komai sai rana da tsofaffin katangu, shi ya sa ta ji nauyin ɗora mini yawo. Wallahi haka na faɗa. Shekarata arba'in da shida a garin nan ban taɓa leƙa Kusugu ba, kullum gani nake ta baƙi ce. Ashe na kusa da rijiya shi ke kwana da ƙishirwa.

Ranar Talata na saka mayafi na tafi ni kaɗai. Mai kula da wurin ya tambaye ni daga wane gari nake, kunya ta hana ni amsawa. Na sha ruwan, na sa ya ba ni labarin har sau biyu don in riƙe. Saboda haka idan hutu ya zagayo, ka ce wa Khairunnisa Gwaggo Zaituna ma yanzu ta san hanya. Kada ka bari in rasa 'yar nan ina ji ina gani.

Ka gaida mini Anti Fadila da Ikrima da Auta. Inna na sa muku albarka. Maijidda ma na gaishe ka, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Zaituna