Makonmu na Disamba a Uvongo

Imbali, Pietermaritzburg
12 ga Fabrairu

Ƙanwata Fikile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da jikoki. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin, ko har yanzu ba kya jin magana? Ni lafiya lau, sai zafi, sai shirun gidan nan da kika sani.

Bana ma ban samu makonmu ba.

Kin tuna lokacin da ni da marigayi Bhekani muka sayi mako ɗaya a gidan hutun nan na bakin teku a Uvongo? Mako na biyu na Disamba, ɗaki mai lamba goma sha huɗu, namu duk shekara. Kika ce mun zautu, malaman makaranta biyu da sayen mako kamar masu sayen akuya. To, shekara uku ke nan da kamfanin ya karɓe makon kowa ya ba shi maki a madadinsa. Wai da makin za ka je duk gidan hutun da kake so, duk lokacin da ka ga dama. Abin da ba su gaya mana ba shi ne kowa lokaci ɗaya yake so.

Ana buɗe kama ɗakunan Disamba a intanet wata goma kafin lokaci, ƙarfe takwas na safe. Wata guda na yi ina zuwa laburare ina koyon inda ake dannawa. Ranar Litinin ma'aikaciyar ta buɗe min da wuri, na zauna gaban kwamfuta da tabarau biyu. Takwas na bugawa na danna. Kafin in gama shigar da lambata babu ɗaki ko ɗaya. Minti biyu, Fikile. Da la'asar sai ga ɗakunan nan dai an tallata su haya ga duk mai kuɗi, har da sha huɗu.

Na buga wa Saras Padayachee waya. Ita ce mai ɗaki na sha biyar, 'yar unguwar Chatsworth ta Durban, wadda ke aiko miki da yajin kifi ta hannuna. Shekara ashirin da uku muna maƙwabtaka mako ɗaya a shekara, ban taɓa zuwa gidanta ba, ba ta taɓa zuwa nawa ba. Ta ce, "Malama, shekara talatin kina koyar da lissafi, maki ya gagare ki?" Na ce, "Ke gwana, kin samu?" Ta ce, "Ɗana ya gwada da waya biyu, ko banɗaki bai samu ba." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yanzu sau biyu a mako ake mata wankin ƙoda. Kafin ta ajiye ta ce in nemo mana tekun nan, ba ta san Disamba nawa suka rage mata ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Sizakele


Imbali
20 ga Yuni

Ƙanwata Fikile,

Na sami wasiƙarki, na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Ina fata sanyin Manzini bai kai namu ba. Nan sai da safa biyu nake iya zama in yi rubutu.

Na je taron shekara na masu maki a Durban. Tun da na bar aji ban yi magana gaban mutane ba, amma na miƙe. Na ce mun saya ne don mu huta, ba don mu yi tsere da 'yan kasuwa ba, a hana mutum ɗaya kama ɗaki fiye da biyu a mako guda. An tafa min sosai, akasari tsofaffi irina.

Sai wani Mista Vosloo ya tashi. Shi ne mai kwashe ɗakunan. Na zaci zan ga wani ƙato mai sarƙar zinariya, sai ga siririn mutum da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu. Yana sayen maki da arha daga waɗanda suka kasa biyan kuɗin kula da gida na shekara, kuma yana da mata uku a ofis waɗanda aikinsu ke nan, dannawa. Ya ce, "Mama, ƙarfe takwas ɗina ita ce ƙarfe takwas ɗinki. Wace doka na karya?" Ya ce makin da ya saya duk na mutanen da suka gudu ne, da ba don yana biyan rabonsu ba da rufin gidan ya daɗe da zubowa kanmu. Sannan ya tambaya, cikin masu tafin nan wa bai taɓa ba da makonsa haya ba? Ni ma na bayar sau ɗaya, shekarar da Bhekani ke asibiti. Na ce masa bayarwa sau ɗaya don larura daban, kwashe gida guda don ciniki daban. Ya ce, "To ki nuna min inda layin yake, Mama, in tsaya a bayansa." Har yau ina neman amsar da ta fi wadda na ba shi.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ashe ba kawuna ake ƙirgawa ba, maki ake ƙirgawa. Mu arba'in da ɗaya muka ɗaga hannu, shi da wasu biyu suka kayar da mu suna zaune.

A bakin ƙofa wani dattijo, Baba Shezi, tsohon direban jirgin ƙasa daga Umlazi, ya tara mu. Ya ce tunda ƙuri'a ba tamu ba ce, aljihu dai namu ne, kada ɗayanmu ya karɓi haya daga hannun Vosloo, kuma mu gaya wa 'yan'uwa da 'yan coci. Ya ce, "Malama, ke ce mai rubutu mai kyau." Ni na rubuta takardar alkawarin, ni na fara sa hannu. Yanzu muna da zaure a waya, kullum da safe sai an gaisa. Kada ki yi min dariya, amma wayata ba ta taɓa yin ƙara haka ba tun rasuwar mijina.

Allah ya bar zumunci.

Yayarki,
Sizakele


Imbali
9 ga Oktoba

Fikile,

Ina fata kuna lafiya duka. Ki yafe min jinkirin amsa. Na fara wasiƙar nan sau uku ina yagawa.

Ɗan Saras, Devan, ya kira ni makon jiya. Likita ya gaya musu zuciyarta ta fara gajiya da wankin ƙodar, su shirya. Ya ce, "Anti, ba ta maganar komai sai makon nan naku. Na ce zan kama mata otal a bakin tekun Umhlanga, ta ce ita ba teku take nema ba, ai akwai teku a Durban."

Na gwada duk hanyar da ta halatta. Na sa sunana a jerin masu jiran wani ya fasa, ni ce ta sittin da uku. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da cewa suna tausaya min, kuma akwai ɗakuna da yawa a watan Mayu.

Ranar Alhamis na kira Vosloo. Ya gane muryata nan take. Bai yi min gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce sha huɗu da sha biyar sun tafi tun Maris, saura ɗaya a ƙasa, lamba uku, mai kallon wurin ajiye motoci. Na ce a ba ni. Ya ce zai rage min. Na ce kada ya rage ko rand ɗaya, na biya yadda kowa ke biya. Ban san wa nake burgewa da wannan ba.

Saras ta yi ihu a waya. "Ɗaki ɗaya ni da ke? Malama, ina fata ba kya minshari." Na ce ita dai ta zo da tukunyarta.

Ban gaya wa Baba Shezi ba. Jiya ya turo a zauren cewa ɗakunan Vosloo biyar sun rasa masu haya, kowa na ta murna, ana ta kiran sunana. Na rubuta "Mun gode Allah" na kife wayar.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki ce min na yi daidai, kada kuma ki ce ban yi ba, ban shirya jin ko ɗaya ba.

Taki,
Sizakele


Uvongo
14 ga Disamba

Ƙanwata Fikile,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Ina rubuto miki daga lamba uku.

Devan ya kawo ta ranar Asabar a keken marasa lafiya. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta dubi tagar, ta ga motoci, ta ce, "Wannan ne tekun da kika saya mana?" Amma ƙasan ya yi mana rana, don da a sama ne ba ta iya hawa. Kullum da safe nakan tura ta har inda siminti ya ƙare, mu zauna. Ta hana ni taɓa kifi, tana daga keke tana ba da umarni, wai Bazuliya ba ta san yawan tsamiya ba. Da na dafa ta ci cokali uku ta ce ba laifi, a ba ni maki huɗu cikin goma. Ba mu san kowa a gidan ba. Duk baƙi ne 'yan haya, masu kirki, suna riƙe mana ƙofa suna kiranmu Gogo, wato kaka.

Kwana uku ta yi, don ranar Talata wankinta. Da Devan ya ɗaga ta zai sa ta a mota ta riƙe min hannu ta ce, "Kin ga, ashe kina minshari." Ba ta ce sai baɗi ba, ni ma ban ce ba.

Da motar ta fita na koma ɗaki na kira Baba Shezi. Na gaya masa inda nake, da wanda na biya, da dalili. Ya ce, "Malama, matata ma ba ta da lafiya. Ta roƙe ni a watan Agusta in kama mata ɗaki, na ce mata mun sa hannu." Sannan ya ce, "To, Allah ya ba ƙawarki sauƙi," ya ajiye. Bai zage ni ba. Kafin azahar an cire ni daga zauren.

Saura min kwana biyu a nan. Na wanke tukunyar Saras da ta manta, zan kai mata Chatsworth da kaina, Devan ya kwatanta min gidan. Daga can zan nemi Umlazi in duba matar Baba Shezi, in an buɗe min ƙofa.

Abin da nake so ki sani, don ba ni da wanda zan gaya wa sai ke: na auna abin ta kowane gefe, na san na ci amanar mutum arba'in, kuma da za a mayar da ni ranar Alhamis ɗin nan, da na sake kiran Vosloo.

Ki zo min da Ista in ƙafa ta bari. Ki zauna ko mako biyu ne, gidan ya yi min yawa.

Ki gaida maigida, ki shafa min kan jikoki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Sizakele Mthethwa