Azumin Fiddausi

Bodinga, 12 ga Satumba

Yaya Balaraba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Haliru da yara. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Shagari?

Na rubuto ne don na san a waya kuka zai hana ni magana. Ɗiyarki Fiddausi ce. Tun bayan ƙaramar Salla take azumin Litinin da Alhamis. Na yi ta alfahari, har masu kawo mini ɗinki nake ba labari, yarinya 'yar shekara sha biyar da irin wannan ibada. Ta ƙara kwanaki, ni kuwa ina ta sa mata albarka.

Shekaranjiya ta faɗi a makaranta. Ashe abincin buɗa-bakin da take shiga da shi ɗaki, akuyarmu take miƙa wa ta taga.

Kin san ni da rubuce-rubuce. Na sake auna ta, na duba littafin awo, na ga ƙugunta ya ragu da inci biyar. Na koma littafin da nake rubuta al'amuran kullum ina neman mafarin abin, na kuwa samu. Ranar da na auna ta don ɗinkin Salla, a gaban ƙawayenta uku, na ce da wasa yadi huɗu ya daina isarta, ta zama buhun albasa. Da hannuna na rubuta cewa mun sha dariya. Ban rubuta ko ita ta yi ba.

Yaya, wace irin uwa ce ni?

Ƙanwarki,
Atika

Bodinga, 3 ga Oktoba

Yaya Balaraba,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Gero ya iso, Allah ya saka da alheri. Maganin ƙibar da kika haɗo kuwa, ki yi haƙuri, ban ba ta ba. Mun kai ta asibiti, likita ta hana. Ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba taurin kai ba, kuma za mu riƙa komawa duk mako biyu. Malamarsu ta Islamiyya ma ta zaunar da ita, ta ce Allah bai nemi azumin da zai kayar da mutum ba.

Na roƙe ta gafara kan maganar buhu. Ta zauna har na gama, ba ta tashi ba.

Yanzu kwano ɗaya muke ci. Ran Talata ta yi loma huɗu, Laraba shida. Ran Alhamis ta ɗago kai ta ga leɓuna na motsi. Ta gane ƙirgawa nake. Ta ajiye lomar, ta wanke hannu. Wuni biyu sai ruwan fura.

Na kulle littafin al'amuran kullum a akwati tare da abin awo. Rigar makarantarta da ido na yanka, da faɗinta.

Yau mun ci tuwo, idona na kan akuya har Fiddausi ta tashi. Kada ki tambaye ni loma nawa, Yaya, ban sani ba. Hannuna sai ƙaiƙayin biro yake. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Atika