Ko Kwamfuta Tana Bincike Kafin Ta Yi Shara

Zuwa ga ƙanena Mati, Ƙofar Guga, Katsina.

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Inna? Ni lafiya lau nake a Jamus, sanyi ne kawai ya ɗan kama gwiwata. Albishirinka, matar ɗana Hussaini ta sauka, an yi mini takwara! Har hawaye na yi.

Amma Mati, ka ɓata mini rai. An ce ka share ɗakina ka zuba gero, ka ƙone littattafaina na yaƙi da jahilci, wai ba mai amfani da su. Wa ka tambaya?

Hussaini, da yake aikinsa rubuta manhaja ne, ya ce kwamfuta ma tana da mai shara a cikinta. Idan ma'ajiyarta ta cika, sai ya bi kayan tun daga tushe. Duk abin da wani ke riƙe da shi, sai ya sa masa alama ya bar shi. Wanda ba shi da mai riƙo kaɗai yake kwashewa. Inji ke nan fa, wanda bai san zumunci ba!

Akwatin takardar shaidata ne ya rage. Kada ka taɓa shi. Ina raye, kuma ina riƙe da shi.

Allah ya shirye ka.
Yayanka, Malam Dabo.