Ramin Bayan Ɗakina

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, Gwaggo na riƙe ni da kyau.

Ruwan sama ne dai ya canza hali. Sai a yi makonni ba ɗigo, ƙasa ta bushe, sannan ya sauko lokaci guda ya kwashe ta. Ramin bayan ɗakina kullum matsowa yake. Kawu ya jera buhunan ƙasa don ya tare shi, amma daga gindin bangon ɗakina ya haƙo ƙasar. Na ja katifata bakin ƙofa.

A littattafai cikin ruwa masoya ke haɗuwa. Ni tsagar bango nake kallo, ko tsoro na daina ji.

Kar ki gaya wa Umma. Sauran littattafaina kuma ki bar su wajenki tukuna. Allah ya sada mu.

Ƙanwarki