Teburina na Bakin Taga

Auta,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Na ji an ba ki kujerar da na bari, shugabar ma'aikatan jinya. Allah ya sanya alheri. Inna ta faɗa min har na haddace, ki ce mata na ji.

Ni kuwa a nan, da furfurata, ba na yin allura sai wata yarinya sa'ar 'yata ta tsaya a kaina, wai sai na ci jarrabawarsu. Ni da na koya miki neman jijiya! Ba komai, ai ci gaba na zo nema.

Na ga hoton ofishin. Wa ya ce ki ɗauke teburina daga bakin taga? Ki mayar da shi.

Yayarki