Kalmar Sirrin Auta

Asabar, 6 ga Satumba

Ajin 'yan koyo a ɗakin karatu. Tsofaffin kwamfutoci, filashi ɗaya na ɗora musu tsarin Linux, ana jiransa kamar ludayi a gidan yawa. Wani tela ya ja ni gefe ya tambaya ko Linux ɗin nan da ake bayarwa kyauta ba na sata ba ne. Na ce masu shi ne suka ce kowa ya ɗauka. Ya ce, "To, Allah Ya shirye su."

Dokata a ajin ba ta canja ba: hannuna a baya, mai kwamfuta shi ke dannawa.

Litinin, 8 ga Satumba

Auta za ta tafi karatu ƙarshen wata. Tana so ta goge kwamfutarta ta ɗora tsarin da kanta. Ni na ɗora mata shi tun tana ƙarama, kuma ni kaɗai na san kalmar sirrin da ake ƙara manhaja da ita. Duk abin da za ta saka sai ta leƙo ɗakina: "Baba, zo ka sa hannu." Ina cikin dannawa take ba ni labarin makaranta, da wacce suka ɓata, da wacce suka shirya. In ta daina leƙowa, da me za ta neme ni daga can?

Na ce mata tsarin da ke kan kwamfutar lafiyarsa lau.

Alhamis, 11 ga Satumba

Uwarta ta ce, "Tela ka sakar masa hannu, 'yarka ka riƙe mata mabuɗi."

Asabar, 13 ga Satumba

Mun yi, a kan teburin falo. Ta kwashe hotunanta tukuna, ban ma tuna mata ba. Wurin raba faifan ajiyar kwamfutar ta rikice, hannuna ya miƙe da kansa. Ta ce, "Malam, hannu a baya!" Na mayar. Ta yi ta karanta allon a hankali har ta gano.

Da aka zo zaɓen kalmar sirri sai ta tsaya tana kallona. Na gane. Na juya na fuskanci bango kamar yadda nake koya wa mutane. Bangon nan yana bukatar fenti. Daga ƙarar dannawar, doguwa ce.

Laraba, 24 ga Satumba

Ta tafi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ta kira da rana. Na jawo takarda da biro, na ce me ya lalace. Ta ce, "Ba komai, Baba. Ka ci abinci?" Akwai wata a ɗakinsu mai minshari, sun ɓata, sun shirya. Har wayar ta yi zafi a kunnena ba mu ambaci kwamfuta ba.

Uwarta ta ce wai ina waƙa a banɗaki. Mura ce.